Masu Neman Katifa

La'asar ta yi sakaliya, amma zafin bai sauka ba. Hadari ya haɗu tun azahar ya tsaya cak, bai zubar ba, bai kuma wuce ba. Iska ta ɗauke ɗif, ko labulen tagar ofis ba ya motsi. Dogo na zaune a teburinsa, rigarsa ta manne da bayan kujera, ya zuba wa kwamfuta ido amma ba abin da yake karantawa.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman wani kantin magani. Tebur uku ne a ciki: na Manaja a gindin fanka, na matar da ke zana hotunan talla a bakin taga, sai na Dogo a lungu, inda wayoyin wuta suka nannaɗe da juna har ba mai iya cewa ga ta wane. Aikinsu tallata kayan mutane a intanet. Mai shago ya kawo hotunan kayansa, su gina masa shafi, su biya a riƙa nuna wa jama'a tallar a wayoyinsu. Wanda ya ga abin da ya yi masa sai ya danna wani koren maɓalli a shafin, wayarsa ta kira shagon kai tsaye. Ginin shafukan nan aikin Dogo ne. Ba a makaranta ya koya ba. A ƙaramar waya ya fara, yana kallon yadda wasu ke yi, daga baya ya sayi tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen gilashi. A farkon lamari, in ya gama shafi ya ga ya buɗe, har miƙewa yake yi ya zaga ɗaki don murna. Yanzu kam in ya gama, sai dai ya murza ido ya jawo na gaba.

"Dogo, gyara zama," in ji Manaja. "Ga mai katifa nan yana hawowa."

Tun kafin ta rufe baki suka ji nishinsa a matakala. Mai katifa babban mutum ne, jiki da shago duka, kuma a cikin masu ba su aiki ba wanda ya kama ƙafarsa. Ya shigo yana share gumi da hankici, ya amsa gaisuwa a taƙaice, ya zauna har kujera ta yi ƙara. Sai ya zaro wata waya daga aljihu ya ajiye a gaban Manaja.

"Hajiya, ni ba na son dogon turanci. Ga ta nan. Sabuwa fil na saye ta saboda ku. Na sa mata layi, na cika ta da caji, na ajiye ta a kan kanta an hana kowa taɓawa. Tun da kuka fara tallar nan sau biyu ta yi ƙara. Na farko uwargidana ce tana tambayar ko na ci abinci. Na biyu kamfanin layi ne suna so in sayi waƙa."

Manaja ta yi 'yar dariyar da take yi wa manyan kwastomomi, ta juya masa kwamfutarta. "Alhaji, dubi nan. Wannan layin da ke hawa sama, mutanen da suka ga tallarka ke nan. Wannan kuma waɗanda suka danna maɓallin kira. Ba kaɗan ba ne, wallahi."

Mai katifa ya sunkuya ya duba da kyau, kamar mai duba ɗinkin katifa. "Zanen ya yi kyau. Nawa ake sayensa?"

Mai zane ta sunkuyar da kai tana danne dariya.

"Ni katifa nake sayarwa, Hajiya, ba tsauni ba. In sun danna, ina suka shiga? Ƙasa ta haɗiye su?" Ya juyo wajen lungu. "Kai ne mai haɗa abin, ko? Duk tsawon nan naka ba ka hango inda suka maƙale ba?"

Dogo ya miƙe. Ya buɗe shafin, ya nuna masa lambar da ke rubuce ɓaro-ɓaro a saman koren maɓallin, ya karanto ta, mai katifa na bin sa da kai. Daidai take, ko sifili bai ɓata ba.

"Maɓallin ma na gwada shi da hannuna, ranka ya daɗe, tun kafin mu saki shafin. Ya yi ƙara."

"A ina ya yi ƙarar? A mafarki?"

Mai katifa ya mai da wayarsa aljihu, ya dafa tebur ya tashi. "Gobe da safe zan dawo. Ku nemo mini bayanin da zai shiga kaina. In babu, a rufe abin nan, kowa ya kama gabansa."

Da nishinsa ya gama sauka, Manaja ta cire tabarau ta ajiye. Ba mai faɗa ba ce, shi ya sa in ta yi magana a hankali take da nauyi.

"Dogo, ba zan ɓoye maka ba. Aikin mai katifa ne ke riƙe da rabin ɗakin nan. In ya tafi, tebur ɗaya zai tashi. Nawa ba zai tashi ba, ita kuma tana da nata kwastomomin da take kawowa. Ka gane ai."

"Na gane, Hajiya."

Ya koma ya duƙufa. Ya duba ko yara ake nuna wa tallar, masu danna abu don wasa. Ya duba ko mutanen nesa ne da ba za su zo sayen katifa ba. Ya duba ko shafin yana da nauyin buɗewa. Komai lafiya lau. Maɓallin kaɗai ne bai waiwaya ba, don a ransa wannan an riga an gama da shi. Yana cikin haka wuta ta ɗauke, fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Janareto ba mai. Manaja ta ce kowa ya tafi gida, shi ya ƙarasa a can.

Rabon da Dogo ya shigo layinsu da sauran hasken rana har ya manta. Ya ga ashe an yi wa ƙofar maƙwabta fenti, an kuma sare bishiyar da ke bakin kwata. Gidansu ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, shi da Baba. Baba direban babbar mota ne a da, ya yi shekaru a kan hanya, sai gwiwa ta zaunar da shi. Tun rasuwar mahaifiyarsu ya zama mutum mai shiru. Yayar Dogo, da ke aure a bayan layi, ita ke aiko masa da abinci da rana. Dogo kan fita Baba na lazimi, ya dawo Baba na gyangyaɗi, tsakaninsu sai "an dawo lafiya" da "lafiya lau."

Yau kuwa tun daga zaure ya ji abin da ya tsayar da shi. Dariya ce. Dariyar Baba, irin mai fitowa daga ciki, wadda rabonsa da ji tun mahaifiyarsu na da rai.

Ya leƙa. Baba na kan kujerarsa ta roba, ya miƙe ƙafar mai ciwon a kan bokiti, ya riƙe waya nesa da fuska. Kunnensa ya yi nauyi, don haka kullum a lasifika yake sa ta, duk tsakar gida ana ji.

"'Yata, ki ji maganata," Baba ke cewa. "Kada ki yarda da mai laushin nan. Ranar farko za ki ce aljanna kika shiga, kafin shekara ta zagayo kin zama kamar ƙugiya. Ki danna ta da gwiwar hannu. In ta dawo da wuri, ki saya. In ta tsaya tana tunani, ki bar musu kayansu."

Muryar mace ta yi dariya a wayar. "To Baba, na gode. Layin masu katifa ka ce?"

"Cikin kasuwa, layin masu katifa. Ki nemi wani gajere mai furfura, haƙorinsa ɗaya na gaba babu. Abokina ne tun muna samari. Ki ce tsohon direba ne ya turo ki, zai rage miki."

Dogo ya daina leƙe. Ya shigo a hankali, ya sauke jakarsa.

"A'a, Injiniya! Yau da sauran rana? Ko an kori gwamnati ne?"

"Wuta aka ɗauke. Baba, wace ce wannan?"

"Ina na sani? Mai neman katifa ce. Aure za ta yi wa ƙanwarta."

"Mai neman katifa."

"Su ne dai. Ai sun kusa wata suna kirana. Da farko ina ce musu ba nan ba ne, sun yi kuskure. To abin ya ƙi ƙarewa, wannan ya ajiye wancan ya kira. Na ce kamfanin layi ne suka haɗa wayata da ta wani. Sai na ga bayin Allah suna ƙona kuɗinsu a banza, na ce bari dai in riƙa nuna musu hanya. Ni da na yi rabin rayuwata ina kwana a kan buhu da benci, wa zai gaya mini abin da baya ke so?"

Dogo ya nemi bakin rijiya ya zauna. Abin ya dawo masa tar. Ranar da ya gama shafin mai katifa a gida yake, ranar hutu ce. Ya zo gwada maɓallin, ga shi ba ya son ya damu shagon mutane da kiran gwaji. Maɓallin nan kuwa fuska biyu gare shi: akwai lambar da ake rubutawa a sama don ido ya gani, akwai wadda ake sawa a ƙarƙashi, wadda waya ke kira in an danna. Wayar Baba na kan tabarma tana caji. Sai ya sa lambar Baba a ƙarƙashin, ya danna daga tasa wayar, ta Baba ta yi ƙara, ya ce madalla. Ya ce bari ya sha ruwa ya dawo ya mai da ta shagon. Daga shan ruwan nan Manaja ta kira shi kan aikin wani mai takalma, shi ke nan.

Ya jawo jakar ya fito da kwamfuta. Bai gama buɗe ta ba wayar Baba ta sake ɗaukar ƙara.

"Ka ji ko? Ba sa gajiya." Baba ya danna da babban yatsa, ya gyara murya. "Salamu alaikum, ana jin ka."

"Wa alaikumus salam. Nan ne wajen katifa?"

Dogo ya san muryar tun daga nishin da ya riga ta fitowa. Ya miƙe zumbur, ya shiga ɗaga wa Baba hannu biyu yana girgiza kai. Baba ya dube shi, ya ɗaga masa hannu shi ma, alamar ya yi haƙuri yana zuwa.

"To, gaskiya ni ba mai katifa ba ne, amma ka faɗo hannu na gari. Ta kwanan mutum ɗaya kake so ko ta iyali? Daga jin muryarka kai ba ƙaramin mutum ba ne, mai tauri za ka nema."

"Haka ne. A ina zan samu?"

"Ka san cikin kasuwa? Layin masu katifa. Ka nemi wani gajere mai furfura..."

"Na san shi," in ji muryar. "Na san shi sarai. Mutum nawa ka tura masa?"

"Wa ya ƙirga? Da yawa dai, alhamdu lillahi. Shekaranjiya har aiko mini da gaisuwa ya yi."

Mai kiran ya ja dogon numfashi.

"Baba, don Allah kai wane ne?"

"Ni? Tsohon direba ne, gwiwa ta ajiye ni. Yanzu ɗana ke riƙe da ni. Ga shi nan ma a gabana, injiniyan kwamfuta ne, shi ke haɗa wa manyan 'yan kasuwa talla a intanet. In kana da sana'a ka neme shi, ba ya wasa da aiki. Dogo, matso ku gaisa."

"Dogo," in ji muryar, a hankali, kamar mai ɗanɗana kalmar. "Ba shi wayar."

Dogo ya karɓa da hannu biyu. "Ranka ya daɗe."

"'Yata ce ta ce in danna abin da kaina in gani. Na danna." Ya ja numfashi. "Ka gaida tsoho da kyau. Sai da safe."

Ya kashe.

Gyaran bai ɗauki lokacin da mutum zai sha kofin ruwa ba. Dogo ya buɗe cikin shafin, ya goge lamba ɗaya ya rubuta wata, ya adana. Ya danna daga wayarsa, ya ga lambar shagon ta fito, ya katse tun kafin ta shiga. Sannan ya zauna da kwamfutar a cinya yana kallon ƙasa.

Baba ya daɗe yana dubansa. "Na yi ɓarna ko?"

"Ba kai ba ne, Baba. Ni ne." Ya yi masa bayani dalla-dalla, da fuskar maɓalli ta sama da ta ƙasa, da ranar hutun, da wanda ya kira yanzu. Baba na ji yana shafa gwiwa.

"Wato mutumin nan shi ke biya, ni kuma ina kwashe masu sayen ina kai wa gajere."

"Haka ne."

"Inna lillahi." Can kuma ya ce, "Amma fa na gaya maka, Injiniya. Tun satin farko. Kana zaune a nan inda kake, na ce maka ana ta kirana ana neman katifa."

"Me na ce?"

"Ka ce, to Baba, Allah Ya kyauta. Kana danne-dannenka."

Dogo ya yi ƙoƙarin tunawa. Bai tuna ba, amma ya san muryarsa ce, ya san ma yadda ya faɗe ta.

Aka kira magariba. Hadarin ya ɗan yayyafa, iyakar abin da zai tayar da warin ƙasa ya ƙara zafi, ya ɗauke. Bayan sun idar da salla Dogo ya ɗumama abincin da Yaya ta aiko, suka ci a kwano ɗaya. Wayar Baba na gefen tabarma. Dogo ya lura duk loma biyu sai Baba ya kai ido kanta.

"Yanzu ba za su ƙara kira ba ke nan?"

"Ba za su ƙara ba, Baba."

"To." Ya suɗe yatsa. "Akwai wani mai ciwon baya da ya ce zai kira ya gaya mini yadda ya kwana. Amma ba komai." Ya ɗan nisa. "Gobe ka ɗauke ni mu je wajen mutumin nan da ke biyan ku. Tsoho in ya durƙusa ana jin kunyarsa."

"Da wace gwiwar za ka durƙusa? Matakalar ofishinmu ma ba za ka iya hawa ba. Bari, ni na ɓata, ni zan je."

Washegari ya riga kowa zuwa. Da Manaja ta shigo bai jira ta ajiye jaka ba ya gaya mata komai. Ta tsaya da makulli a hannu tana dubansa.

"Lambar babanka."

"Eh, Hajiya."

"Dogo, da wani ne ya ba ni labarin nan, dariya zan yi har in faɗi." Ba ta yi dariyar ba. "Shi Alhajin ya sani?"

"Da shi suka yi magana."

Ta zauna a hankali, ta dafe goshi.

Mai katifa ya iso da hantsi. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi sauƙi. Ya zauna, ya fito da sabuwar wayar ya ajiye a tebur kamar jiya. Kafin ya buɗe baki ta ɗauki ƙara. Ya ɗaga, ya faɗi farashin katifa mai inci takwas, ya yi kwatancen shago, ya ajiye. Ya buɗe baki zai fara, ta sake ɗauka. Sai da ya kashe ta gaba ɗaya sannan aka samu yin magana.

"Tun asuba take wannan kukan," ya ce. "Wato abin naku yana aiki."

"Yana aiki, Alhaji," in ji Manaja da sauri. "Kuskure ne aka samu, kuma an gyara."

"Yana aiki. Shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Da ba ya aiki, sai in ce na yi asara, in haƙura. Amma yana aiki, wata guda yana yi wa wani aiki. Na aika yaro kasuwa da safen nan ya dubo mini gajeren nan. Sabon kaya ya sauke jiya, mota guda. Mutumin da ko allon suna ba shi da shi a ƙofar shago."

Dogo ya matso, ya russuna. "Ranka ya daɗe, laifina ne ni kaɗai. Ba ruwan Hajiya, ba ruwan mahaifina. Ka yi haƙuri."

Mai katifa ya dube shi sama da ƙasa. "Tsohonka mutumin kirki ne. Har cewa ya yi ba ka wasa da aiki." Sannan ya juya ga Manaja. "Hajiya, ba zan tafi ba, tunda na ga abin yana kawo mutane. Amma sharaɗi biyu. Watan da ya wuce a banza, ku rama mini shi daga aljihunku. Na biyu, wannan bawan Allah kada ya ƙara taɓa mini komai. Ba gaba nake da shi ba. Amma in na san hannunsa na ciki, ba zan yi barci ba, ko a kan wace katifa."

Manaja ta ce ta amince. Me za ta ce?

Bayan ya sauka, ta daɗe tana jujjuya biro. Mai zane ta tashi ta ce za ta je sayen ruwan sanyi, ko da yake ga robarta nan cike a kan tebur.

"Dogo, ka ji dai da kunnenka. Watan nan kyauta za mu yi masa, kuma dole in nemo wanda zai riƙe shafinsa. Ba zan iya ɗaukar ku biyu ba." Ta ɗago. "Ka ɗan huta a gida tukuna. In abubuwa suka daidaita zan neme ka."

Ya sha jin ta tana faɗa wa wasu wannan maganar, a wannan kujerar, da wannan muryar. Bai taɓa ganin wanda aka nema ba.

"Ba komai, Hajiya. Na gode da zaman da aka yi."

Ya tura mata lambobin sirrin shafukan duka, ya nuna mata na mai takalma da ya rage a ƙarasa, da na wata makaranta da rajistar sunan shafinta ta kusa ƙarewa. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur yana laluben cajarsa a cikin tarin wayoyin nan, ya ciro ta wani, ya mayar, ya sake ciro ta fanka. Da ƙyar ya samu tasa. Abin mamaki, da ya rataya jakar ya fara sauka, ba baƙin ciki ya fara ji ba. Barci ya ji, wani irin barci mai nauyi da ya taru masa a kafaɗu, kamar an shekara ana ajiye masa shi.

A ƙasa ya ci karo da mai zane tana tsaye a inuwar kantin magani, ba ruwan sanyi ba alamarsa.

"Dogo, sai yaushe?"

"Sai an neme ni."

Ta taɓe baki. "Kai ma dai. Duk lambobin duniya, sai ta tsoho?"

"Ita ce a kusa."

Ta yi dariya, shi ma ya yi, 'yar kaɗan.

Rana na tsaka ya isa gida. Baba na kan kujerarsa, ƙafa a kan bokiti, wayar na kan cinyarsa ya ɗora hannu a kai. Tsakar gidan shiru, sai kazar maƙwabta da ta tsallako tana tone a bakin kwata. Baba ya dubi jakar, ya dubi cajar da ke leƙowa daga aljihunta, ya dubi rana.

"Sun sallame ka?"

"Sun ce in ɗan huta, za su neme ni."

Baba ya gyaɗa kai a hankali. "Mu ma haka suka ce mana."

Dogo ya cire takalmi ya shiga ɗakin Baba, don ya fi nasa sanyi. Ya baje a kan tabarma da kayan jikinsa, ya yi matashi da jakar. Ya ji Baba ya taso yana jan ƙafa, ya shigo ya zauna a bakin gado.

"Gajere ya aiko ɗazu," in ji Baba. "Wai yau shiru, ko lafiya. Na ce a gaya masa hanyar ta canza." Ya ɗan yi tari. "Na ce ko za ka haɗa masa irin abin nan nasa na kansa? Da lambarsa, ba tawa ba."

"Baba, gajere ko wayar da ke buɗe hoto ba shi da ita."

"Ai sai ya saya. Ya samu ciniki."

Dogo ya so ya yi dariya, ƙarfin yin ta ne babu. "Bari in tashi tukuna."

"To, kwanta."

Ya rufe ido. A bayan fatar idonsa layuka na ta hawa suna sauka, kore da shuɗi. Rana ta shigo ta tagar ɗakin ta sauka daidai kan fuskarsa, tana ƙona masa kunci, amma ko juyawa ya kasa yi. Ya ji gadon ya yi ƙara. Ya buɗe ido kaɗan, ya ga Baba ya miƙa sandarsa sama, yana ta ƙoƙarin saƙalo bakin labule da kanta. Ta zame, ya sake. Ta zame, ya cije leɓe ya ƙara miƙewa. A karo na gaba ta kama, ya ja labulen a hankali har inuwa ta rufe fuskar Dogo. Sannan ya jingine sandar a bango, ya koma ya zauna.

Dogo ya mai da idonsa ya rufe.